Harsashin Da Ke Zuwa Ta Hagu

Narayi, Kaduna
8 ga Maris

Zuwa ga Yayata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya maigidanki Malam Timothy da aikin makaranta? Yaya Nathan da Charity? Yaya zafin Zonkwa, ko bai kai namu ba? Matata Celina tana gaishe ki. ’Yarmu Hope ta ce in gaya wa Antinta zumar da kika aiko ta ƙare tuntuni.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Da kunnenki yana jin waya da na kira ki, amma tun sanƙarau ɗin nan sai kin ga bakin mutum kike gane maganarsa. Saƙon waya kuma ba zai yiwu ba, wayarki a hannun yara take wuni, abin da zan faɗa kuwa ba na yara ba ne.

Kin tuna shirin nan da muke yi ni da Wilfred, abokina na Makera, wanda kike ce mana ƙattin banza masu wasan yara? Har yanzu muna yi. Kowace Asabar da rana nakan je shagonsa, mu jona tsohuwar na'urar gem, Sega ko famili-kom, a tibin nan mai ƙaton ƙeya, ya kafa waya tana ɗauka, ni in buga gem ɗin ina faɗin ra'ayina, a ƙarshe in ba shi maki cikin goma, mu sa a Fesbuk. Masu kallo ba su da yawa, galibi tsaranmu ne da suka tashi a Kakuri da Nasarawa lokacin da masaƙu ke aiki, amma suna jin maganata. In na ce kaset ba shi da kyau, Wilfred ya san zai daɗe a kanta ba mai taya shi.

Ƙa'idata ɗaya ce tun da muka fara. Zane bai dame ni ba, kiɗa ma da sauƙi. Gem mai adalci shi ne wanda zai nuna maka abin da zai kashe ka kafin ya kashe ka, in ka mutu ka san sakacinka ne.

Makon jiya Wilfred ya tsinto wani kaset a kasuwar Panteka cikin tarkacen rediyo, ko takarda babu a jikinsa. Na jirgin sama ne mai harbi. Na fara bugawa, ina cikin kakkaɓe waɗanda ke gabana sai jirgina ya tarwatse. Na sake, ya sake tarwatsewa. Ban ga abin da ya same ni ba. Raina ya ɓaci, na dubi waya na ce wannan gem macuci ne, waɗanda suka yi shi ba su gama aikinsu ba, harsashi yana fitowa daga inda babu shi. Na ba shi biyu cikin goma na ajiye hannun gem ɗin.

Kafin Lahadi da yamma masu kallo sun cika wurin da dariya. Wani Harrison da ban taɓa gani ba ya rubuta, “Oga, barci kake yi ne?” Na je wurin Wilfred da niyyar mu ba su amsa. Sai ya buɗe bidiyon ya rage masa gudu ya miƙo mini.

Yaya, harsashin yana nan. Ja ne, ƙato kamar tumatir. Yakan taso daga gefen hagu na tibin, ya ratsa kusan rabin fuskar a hankali kamar tsohuwa za ta kasuwa, ya zo ya bugi jirgina, ni kuwa a bidiyon ga ni zaune ido buɗe ina kallon tibin. Na ce laifin tibin ne, ta tsufa. Wilfred ya karɓi hannun ya buga a gabana, yana kauce wa jan abin nan ko tunani ba ya yi.

Da na dawo gida na ɗauko Game Boy ɗina, ɗan gem ɗin hannun nan mai ruwan toka, na zauna a bakin ƙofa inda akwai haske, na buga wasan jera tubali har babban yatsana ya gaji, ban yi kuskure ba. Na jona wasan tankokin nan da muke bugawa ni da ke a ɗakin Baba, na wuce mataki bayan mataki ba a taɓa gidan da nake karewa a wasan ba. Na ce to ai lafiyata ƙalau. Sai washegari ina wanke mota wani tunani ya zo mini, har na saki soso a bokiti. Fuskar Game Boy ba ta kai tafin hannu ba, duk abin da ke cikinta a tsakiyar ido yake. Wasan tankoki kuwa ba da ido nake buga shi ba, na haddace inda kowace tanka za ta ɓullo tun muna yara. Kaset ɗin Panteka shi ne baƙo na farko da na buga a babbar tibi cikin watanni.

Ga tambayata. Yaya idon Mama ya fara? Ni ina ƙarami, abin da na sani kawai shi ne ina riƙe mata sanda zuwa coci. Ke kin riga ni wayo. Da ciwo ya fara, ko da gani dishi-dishi, ko ta gefe? Ki gaya mini yadda yake, kada ki sassauta.

Ban faɗa wa Celina ba. Kin san aikina. Bas ɗin makaranta nake ja safe da yamma, cike da ’ya’yan mutane, har da Hope a kujerar baya.

Ki ba Ebenezer amsa, direban da ya kawo miki wannan, yana sauke fasinja a tashar unguwar Television. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ni ne ƙanenki,
Shekari


Narayi, Kaduna
24 ga Maris

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki da gaisuwar ƙauna, da fatan kuna lafiya ke da mutanen gida. Yaya jikin Malam Timothy, na ji an ce ƙafarsa ta sake tashi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan da godiya.

Takardarki ta iso. A cikin bas na karanta ta, a bayan makaranta, lokacin da yara ke aji. Kin ce Mama ba ta taɓa kukan ciwon ido ba ko sau ɗaya. Kin ce ta fara ne da buga kafaɗa a ƙofar kicin, tana ture kofi in an ajiye mata a gefe, Baba yana mata faɗa wai ba ta kula. Yaya, yanzu haka akwai tabo a kafaɗata ta hagu daga ƙofar banɗaki. Na ɗauka ƙofar ce ta kumbura, har na yi niyyar kiran kafinta.

Ran nan da yamma na tsaya a tsakar gida na yi abin da nake gudu. Celina tana tuƙa tuwo, Hope tana kusa da ita tana gyaran alayyahu. Na rufe idon dama da tafin hannu. Fuskar Celina kawai ta rage, kamar ina leƙenta ta bututun ruwa. Babu tukunya, babu Hope. Na canja hannu na rufe na hagu, komai ya dawo, amma ta wajen hanci akwai inda ya yanke. Da ina zaton makanta baƙi ce, kamar an ɗauke wuta. Ba haka ba ne. Wurin ne kawai babu shi, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa kuma bai san ba ya gani ba. Celina ta ɗago ta ce me nake yi, na ce wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Na ci gaba da tuƙi. Na ce zan riƙa juya kai, tunda wuya lafiyarsa lau. Haka nake tafiya ina waige-waige kamar ƙadangare, kafin in kai yaro na ƙarshe gida rigata ta jiƙe sharkaf.

Ranar Talata muna dawowa, wajen kwanar da ake shiga Narayi, na duba hagu, hanya fayau. Na taka mai. Sai na ji ƙara, jarkoki suka watse a titi, ruwa ya fallatso har gilashi. Wani mai ruwa ne ya turo kurarsa zai tsallaka. Madubin gefe ya karye, mutumin yana kwance a ƙasa, yara suna ihu. Ban san yadda na sauko ba. Allah ya taimake ni ya tashi da ƙafarsa, gwiwa da gwiwar hannu kawai ya kuje, na kai shi kemis aka wanke masa. Malamar da ke raka yara ta ja ni gefe ta ce, “Uncle Shekari, tun daga can nake ce maka ga mai ruwa. A gabanka yake fa.”

Madam Lizzy mai makarantar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tsautsayi ne, shekara nawa ina ja mata mota ko kaza ban taɓa takawa ba, ta sa aka canja madubi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Asabar na je shagon Wilfred na ce wannan watan ƙananan gem na hannu kawai za mu yi, wai don mu canja wa masu kallo. Ya dube ni, ya sauke kaset ɗin Sega da ya riga ya ɗauko. Na buga wani na tseren mota. Duk lokacin da wata mota ta matso ta gefe a ɗan gilashin nan sai in ji ƙarar jarkoki. A ƙarshe na ce bakwai cikin goma, kuma wallahi da za ki tambaye ni dalilin bakwai ɗin ban sani ba. Wane irin alƙali ne wanda ba ya ganin rabin kotu?

Kin rubuta da manyan baƙaƙe cewa in je asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Na ji. Sau biyu ina shiryawa, sau ɗaya har na kai bakin gadar da ake tsallakawa zuwa asibitin na sauka na dawo. Muddin ban je ba, ba wanda ya faɗi sunan abin. Ina tuna Mama zaune a kan tabarma a Makera, duk wanda ya shigo sai ta ɗaga kai ta ce wane ne, ko da ni ne na fita ɗazu. Shekaruna arba'in da ɗaya, Hope ko firamare ba ta gama ba. In na bar sitiyari ban iya wata sana'a ba.

Ki yi mini addu'a, tawa ba ta wuce maƙogwaro.

Ƙanenki,
Shekari


Narayi, Kaduna
12 ga Afrilu

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun yi hutu lafiya, yara sun samu sakamako mai kyau. Celina tana gaishe ki, ta ce ta san da takardun nan yanzu, ba sai kin ɓoye ba.

Na ajiye mota. Ranar ƙarshe kafin hutu, yara sun gama shiga, na tada inji, na duba madubi, na juya kai hagu da dama kamar yadda na saba, na sa giya. Sai maigadi ya doki ƙofata da duka hannunsa yana kiran sunan Yesu. Wata ’yar nazare ce ta durƙusa daidai tayar gaba ta hagu tana ɗaure takalmi. Ko tsoro ba ta ji ba, ta gama ɗaurinta ta miƙe ta ce mini gud aftanun. Na kashe inji. Na ja birkin hannu na sauko. Na kai wa Madam Lizzy makulli a ofis na gaya mata komai. Ta karɓi makullin, sannan ta kira iyaye kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Celina ta saurare ni har na gama. Ashe ta daɗe tana kawar da bokiti da kujera daga hanyata ba ta ce komai ba, tana zaton na fara shan giya a ɓoye, har ta kai maganar gaban Allah. Ta ce, “Da giyar ce ma da na san yadda zan yi da kai.” Ta yi kukanta, ta share, washegari ita ta riƙe katin asibiti.

Mun tsallaka kogi zuwa asibitin ido. Layi ya yi tsawo, yawanci tsofaffi, kowa da mai jan sa. Na ƙi kallonsu. An auna mini ƙarfin ido, an haska ciki, sannan aka kai ni wani ɗaki mai duhu gaban wata na'ura kamar babbar ƙwarya a tsaye. Aka rufe mini ido ɗaya, na ɗora haɓa, aka sa mini maɓalli a hannu. Nas ta ce in kafa ido a ɗigon tsakiya, duk lokacin da na ga haske ya ƙifta a ko'ina in danna.

Yaya, gem ne. Maɓalli ɗaya, babu kiɗa, babu maki a sama. Tun ina ɗan shekara tara hannuna bai taɓa jin tsoron maɓalli ba sai ranar. Da idon dama na yi ta dannawa, sai jefi-jefi in ji shiru. Da aka koma na hagu, na ga haske biyu uku a tsakiya, daga nan shi ke nan. Ina jin na'urar tana ɗan ƙara, na san tana kunna haske, na san yana nan kamar jan harsashin nan, amma gabana fari fat. Na zauna ina jira da yatsa a kan maɓalli. Zuciyata ta ce in danna kawai, in yi cuta. Na danna sau ɗaya, nas ta ce daga bayana in daina, na'urar tana gane mai zato.

Likitar mace ce, ba ta kai ki shekaru ba. Ta ajiye takardu biyu a gabana masu zane kamar ƙwai. Na hagu baƙi ƙirin sai ɗan fari a tsakiya, na dama an ci gefe guda. Ta ce hawan jinin ido ne, glakoma. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, yana danne jijiya tana mutuwa daga gefe zuwa tsakiya, kuma ba ya ciwo. Na tambaye ta wane magani zai dawo da na hagun. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, yaƙinmu a kan abin da ya saura ne. Ta ba ni maganin ɗigawa safe da yamma har iyakar raina, ta ce in bai sauko da hawan ba sai an yi aiki. Tuƙi kuwa ta ce in manta da shi.

Sannan ta tambaye ni ko akwai makaho a gidanmu. Na ce mahaifiyata. Ta ce ina da ’yan’uwa ciki ɗaya? Na ce yaya guda. Ta ajiye biro ta ce in kawo ki, kada in jira.

Tun daga lokacin tsoron kaina ya koma baya. Ni in idona ya tafi ina da kunne, zan ji muryar Hope, zan ji wa'azi. Ke da ido kike ji. Da shi kike karanta bakin maigidanki, da shi kike koyarwa, da shi kike karanta wannan takarda. In ya rufe, ta ina za mu same ki?

Ki taho cikin hutun nan. Gwajin ba ya ciwo, wuni ɗaya ne. Celina ta riga ta gyara miki ɗakin Hope.

Ni ne naki,
Shekari


Narayi, Kaduna
3 ga Mayu

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki. Yaya ruwan farko, ya sauka a wajenku? Yaya Malam da yara? Mu muna nan yadda kika sani.

Na ga amsarki, na karanta ta sau da yawa ko zan ga Yayata a ciki, ban gan ta ba. Kin ce idonki garau, kina zura zare a allura ba tabarau. Kin ce Allahn da ya karɓi kunne ba zai karɓi ido ba, kuma ba za ki je neman abin da bai neme ki ba. Wadda ta rubuta mini da manyan baƙaƙe in tafi asibiti ita ce ta rubuta wannan? Kafar allura a tsakiyar ido take, ni ma zan zura miki zare yanzu da idon nan na hagu. Tsoro kike ji. Na san shi, ni ma ya sauke ni a bakin gada.

Asabar da ta wuce na koma shagon Wilfred na ce ya jona mini kaset ɗin Panteka. Na gano cewa in na ja kujera baya sosai, har bakin ƙofar shago, tibin takan ƙanƙance ta shige cikin inda nake gani. Wilfred ya haɗa mini igiya biyu don hannun gem ya kai. Daga can na ga jan harsashin tun daga tasowarsa. Ashe kafin ya fito ma gefen yakan ƙifta sau biyu don ya gargaɗe ka. Gem ne mai wuya, mataki na uku ya cika tsawo, kiɗansa kamar injin niƙa, amma ko sau ɗaya bai cuce ni ba. Na dubi waya na ce na yi masa rashin adalci, takwas ne hakkinsa. Sannan na faɗa wa masu kallo dalili. Na ce duk wanda ya buga waɗannan gem ɗin suna sababbi ya kai shekarun da zai je a auna masa ido. Wilfred ya bar waya tana ɗauka ya fita waje wai zai sayo ruwa. Harrison ɗin nan ya rubuto yana ba da haƙuri, ya ce ya kai babarsa an duba.

Baƙon da ban sani ba ya ji maganata, ke kin ƙi.

Na koma asibiti. Maganin bai sauko da hawan idon dama yadda likita ke so ba. Ta ce za a yi mini aiki a buɗa wa ruwan hanya, ta ba ni rana cikin watan nan. A idon da nake gani da shi za a sa wuƙa, Yaya.

To ga abin da na yanke. Ba zan kwanta a gadon aikin nan ba sai kin ɗora haɓarki a na'urar da na ɗora tawa. In ranar ta zo ba ki zo ba, zan ce a ɗaga. Likita ta ce jinkiri yana cin jijiya, na ji da kunnena. Celina ta ce na haukace, tun jiya ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Ki kira shi rashin kunya, ki ce ƙane ba ya yi wa yaya sharaɗi. Na yarda. Ebenezer zai ajiye miki kujerar gaba ranar Alhamis.

Ƙanenki mai taurin kai,
Shekari


Narayi, Kaduna
9 ga Yuni

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin koma lafiya kin tarar da gida lafiya. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar na ɗan aji ɗaya, da makar Hope mai kaurin baki nake yi, shi ya sa takardar ta yi kauri. Celina ta ce bari ta rubuta mini, na ce a'a.

Har yanzu kunnena yana zafi inda kika murɗe shi a tashar Television a gaban mutane. Ban yi fushi ba. Da na hango ki kina saukowa daga motar, sai na nufo ki, Celina tana biye da ni. Lokacin da kike cikin ɗakin nan mai duhu, ina zaune a benci ina jin ƙarar maɓallinki ta ƙofa, ina ƙirga duk ɗan shirun da kika yi. Kin ga abin da likita ta rubuta miki a takarda don kada ki rasa ko kalma: ciwon yana nan a idanunki duka biyu, ya hau, amma jijiyar kaɗan ya taɓa. An kama shi a bakin ƙofa. Kin fito kin riƙe hannuna har muka tsallaka titi, ban san waye ke jan wani ba.

An yi aikin bayan tafiyarki. Ba a sa ni barci ba, ina jin maganarsu a kaina. Wunin da na yi da bandeji shi ne mafi tsawo a rayuwata, don da ɗan bututun nan na hagu kawai na rage, ina neman fuskar Celina da shi kamar mai neman allura da tocila. Da safe nas ta fara ɓare filasta, na ce ta dakata. Ta dakata. Na ce ta ci gaba. Da na buɗe ban ga komai ba sai ruwa-ruwa da haske, na ce shi ke nan. Sai wani abu shuɗi ya motsa a ciki, zanen zumuntar mata ne Celina ta ɗaura. Likita ta ce dishi-dishin zai washe a hankali, kuma ya fara. Ta ce ruwan ya samu hanya.

An hana ni sunkuyawa, da ɗaukar kaya, da kallon tibi tukuna. Wilfred ya kawo Sega gida ranar Asabar, shi yana bugawa ni na juya baya ina ba da maki da kunne. Na ce masa daga ƙarar tsallen kawai na san hannun gem ɗin yana makara. Ya ce ƙarya nake, shi ne bai iya ba. Madam Lizzy ta aiko cewa in na warke aikin kula da sito da kaɗa ƙararrawa yana jirana. Albashin bai kai na tuƙi ba, amma aiki ne.

Na tambayi likita ko zan ga Hope ta gama sakandare. Ta ce ba ta yin alkawari, amma in na riƙe magani da zuwa asibiti tana sa rai. Iyakar abin da na samu ke nan, shi nake riƙe da shi. Ta ce a kawo Hope da Nathan da Charity a duba su in an yi dogon hutu, kada ki ce sun yi ƙanana.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron bai tafi ba. Kowace safiya nakan farka in daɗe ban buɗe ido ba, sai na ji Celina ta ɗora tukunya sannan in yi ƙarfin hali. Yau da na buɗe na ga silin, na ga har tabon yoyon da ruwan shekaranjiya ya bari a kusurwa. Ban taɓa murnar ganin rufi yana yoyo ba sai yau.

Ki ɗiga maganinki, Yaya, safe da yamma, ko kina fushi da ni. In ya kusa ƙarewa ki aiko Ebenezer tun da saura.

Ki gaishe da Malam Timothy da yara. Ubangiji ya tsare mana abin da ya rage.

Ni ne ƙanenki har kullum,
Shekari